Zufar da Amarya Ta Ɓoye

Tun da amarya ta koma aikinta a gidan burodi, maigidanta ya lura ta sauya masa. Idan ya dawo daga makarantar da yake koyarwa ya miƙa hannu zai rungume ta, sai ta zame tana murmushi, ta ce tukunya na kan wuta. Bai yi ƙorafi ba, amma ya rame, kuma yayarsa ta gani. Ita ta kai wa mahaifiyarsu rahoton cewa yarinyar tana da wani a ranta, gara a sallame ta tun sunan gidansu bai shiga bakin mutane ba.

Mahaifiyar mace ce mai kamun kai, ba ta yanke hukunci da abin da aka ce mata. Ranar hutu da hantsi ta zo da ƙafarta, ta aiki ɗanta kasuwa. Amarya ta durƙusa ta ajiye mata ruwa, sai tsohuwar ta ga ta cije leɓe, tana goga ƙasan ƙirjinta da gefen hannu a sace.

"'Yata, turo ƙofar nan. Ina ne ke miki ciwo?"

Amarya ta fashe da kuka. Da ƙyar ta bayyana cewa zafin tanda ne ke tara mata zufa a ƙarƙashin nono, har fatar ta yi ja, ta saɓule, tana tashin wari. Ta yi ta zuba hoda da turare, abin sai gaba yake yi. Tsoronta shi ne mijinta ya ji ya ƙyamace ta, ko a ce uwarta ba ta koya mata tsafta ba.

"A kan zufa za ki kashe aurenki?" in ji surukar, tana share mata hawaye da gefen mayafinta. "Duk macen da Allah ya ba ƙirji ta san wannan, har ni da kike gani."

Nan ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta wanke wurin da sabulu marar ƙamshi, ta tsane shi da tawul mai laushi, ta tsaya gaban fanka ya bushe sarai kafin ta sa tufafi. Ta bar matsattsiyar rigar nono ta roba ta koma ta auduga, ta riƙa tafiya aiki da wata don ta canja idan ta jiƙe. Turare kuwa kada ya sake taɓa fatar da ta ji rauni. Gobe kuma su je asibiti tare a duba, a ba ta maganin shafawa.

Da maigidan ya dawo, mahaifiyarsa ta koma falo ta bar su. Amarya ta faɗa masa komai, kanta a sunkuye.

"Wannan ne kawai?" ya ce. "Ni da na zaci hancina ne ya yi miki girma."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta bar shi ya riƙe ta. Yayarsa kuwa, da yamma mahaifiyar ta kira ta, ta ce kada ta ƙara jin kalmar saki a bakinta.

'Yan mata, zufa halitta ce, ba abin kunya ba ce, kuma tana da magani. Mace mai mutunci tana tsare sirrinta daga bakin duniya, amma ba ta ɓoye ciwonta ga wanda ke ƙaunarta.