Ƙasa Mai Danshi

"Ki gaya wa mijinki, in dai da sauran mutuncina a idonsa, Kurna za ku zauna, kusa da yayanki Basiru!"

Inna Hure, mahaifiyar Huseina, ce ke magana, tana sheƙar ɗan geron da ya rage musu, ko ɗago kai ba ta yi ba. Huseina ta gyara zama a bakin tabarma, hannunta a kan cikinta ɗan wata biyar.

"Inna, ya ce Kurna cunkoso... ɗaki ɗaya, ba tsakar gida, ko inda za a ɗaure akuya babu."

"Akuya za ki haifa? Ciki biyu kika yi ɓarinsu, Huseina! Wannan ina so in goya shi a bayana. A Kurna ga titi, ga asibiti, ga matar yayanki a kusa. Me kuma kuke nema?"

Idon Huseina ya ciko da ƙwalla.

Ba son birni ne zai tashe su daga ƙauyensu na gefen Bici ba. Shekarun ne suka zo da wuya. Taki ya gagari talaka, mai gonar da mijinta Muntaka yake aro a bakin ruwan Watari ya karɓe abarsa, gonar gado kuwa da aka raba ta, rabonsa ko tuwon wata biyu ba ya bayarwa. Dole ya karɓi aikin dako a kasuwar hatsi ta Dawanau. Tun daga ranar Muntaka ya daina dariya, ya koma kamar wanda aka zare wa laka. Wannan shirun nasa shi ke cin ran Huseina.

Cikin bazara suka je ganin wuri. A Kurna Muntaka ya tsaya yana kallon simintin da aka malala har bakin ƙofa. Daga nan dillali ya kai su wata sabuwar unguwa a bayan Ungogo, inda gonaki ke komawa gidaje. Suka sauka a bakin kwalta, suka yi ta gangarawa da ƙafa har Huseina ta fara haki.

Gida ne na ƙasa, da ɗan fili a bayansa. Muntaka bai leƙa ɗaki ba, bai dubi rufi ba. Fili ya nufa kai tsaye, ya tsuguna ya tona da hannu, ya dunƙule ƙasar ya kai hanci.

"Huseina... zo ki gani! Baƙar ƙasa! Tsakiyar bazara, amma dubi danshi!"

Sai ya yi dariya. Dariyar nan tasa da ta sa ta amince da shi tun suna zance a ƙofar gidansu, dariyar da ta ɗauka ta tafi ke nan.

"Malam, wannan layin fa da ya zagaye katangun maƙwabta?" Ta nuna masa wani baƙin tabo, tsayinsa ya kai ƙugu.

"Laima ce, hasken idona, alamar albarka. Nan masara, can kuɓewa, alayyafo a gindin katanga. In na dawo daga dakon buhun wasu, in ga nawa yana tsiro... Ki yarda da ni, don Allah. A Kurna mutuwar tsaye zan yi."

Manomi ne ɗan manoma. Duk inda ya ga kwari, alheri yake gani. Bai taɓa zama inda aka toshe hanyoyin ruwa da bulo ba, balle ya tambayi kansa ina ruwan unguwannin sama yake zuwa in an yi ruwa.

Huseina ta tuna fuskar Inna, ta dubi ta mijinta. Zuciyarta ta karye.

"Na yarda, Malam."

Da ta faɗa wa Inna, tsohuwar ta dube ta.

"To. Allah ya sa ni ce ba ni da gaskiya."

Damina ta faɗi, ƙasar kuwa ba ta ba shi kunya ba. Masara ta wuce kansa, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna santi. Muntaka ya yi ƙiba, har waƙa yake yi in yana cire ciyawa, yana ce wa cikin Huseina, "Fito ka tarar da gonarka, ɗan Baba!"

Sai marka ta zo. Kwana da kwanaki ruwa bai ɗauke ba. Ranar da naƙuda ta tasar wa Huseina, bayan azahar, ruwa ya riga ya shigo ɗaki yana yawo da kwanuka.

"Malam... bayana! Wayyo Inna!"

Ya fita a guje. Ya daɗe kafin ya dawo, jiƙe sharkaf, shi kaɗai.

"Masu adaidaita sun ƙi gangarowa... na roƙe su da Allah, na durƙusa musu, sun ce injin zai sha ruwa. Hau bayana!"

"Cikin fa?"

Sai ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya. Ruwa har ƙugunsa, daidai tsayin layin nan na jikin katanga. Yana tafe yana zamewa, tana jin bugun zuciyarsa a kunnenta, yana ta faɗin, "Saura kaɗan, masoyiyata, saura kaɗan..." Gangaren da suka sauko da murna a bazara ya ƙi ƙarewa. Kafin su kai kwalta jini ya ɓalle mata.

A asibiti ta haihu, namiji ne. Bai yi kuka ba.

Daga asibiti Basiru ya wuce da ita gidansa a Kurna. Inna Hure ta iso daga ƙauye, ta zauna a gefen katifa tana share mata hawaye, nata na zuba.

"Ba za ki koma ramin nan ba. In ya ga dama ya auri masarar tasa!"

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Muntaka ne, daga maƙabarta yake. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, ku gafarce ni... ni na kashe shi."

Inna ta kau da kai. Huseina ta so ta tsane shi, wallahi ta so, amma ta san bakinta ne ya ce ta yarda. Idonta ya sauka a kan hannuwansa. Duk sun yi ja, har cikin farce.

"Malam, me ya sami hannunka?"

Ya ɗago.

"Masu haƙa sun fara tona masa a ƙasa-ƙasa, wai ta fi laushi. Na karɓi magirbin... Ni na zaɓa masa wuri, Huseina. A kan tudu. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ko ciyawa ba ta fitowa. Ruwa ba zai taɓa shi ba..."

Kuka ya ƙwace masa. Inna Hure ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Huseina ta lallaɓa ta sauko daga katifa, ta rarrafa har bakin ƙofa. Ta kama hannuwan nan biyu masu jar ƙasa, ta ɗora su a kan cikinta da babu kowa a ciki, suka yi ta kuka tare.