Addu'ar Inna Rifkatu A Kan Lefe

Tun da hantsi gidan Malam Gwadabe da ke unguwar Sheshe ya cika da ƙamshin turaren wuta da na soyayyun kaji, don ranar ce dangin Mikail za su kawo lefen Ikram, autar gidan. Goggo 'Yardada, yayar Malam, ita ce uwar taro. Duk wanda ya san Goggo ya san ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, ko gishiri za ta ce a miƙo mata sai maƙwabta sun ji.

Ita kuwa amarya tana ƙuryar ɗaki. Ba kunyar amarci ce kaɗai ke damun ta ba, akwai maganar da ta ɓoye wa iyayenta wata takwas cur.

Mikail maraya ne, malamin lissafi a wata sakandare. Mahaifiyarsa Safiya ta musulunta ne kafin ta auri mahaifinsa, kuma su biyun sun rasu yana ɗan shekara huɗu. Dangin uban suna can nesa, babu wanda ya leƙo. Yayar mahaifiyarsa, Inna Rifkatu, ita ta ɗauke shi ta raine shi a gidanta da ke Badawa, kuma ita Kirista ce har gobe. Sau uku Mikail yana ce wa Ikram ta sanar a gida, tunda shi da nauyi ya zauna gaban suruki yana zuba irin wannan bayani. Sau uku tana cewa, "Zan faɗa, ka ba ni lokaci, please." Da aka tashi binciken aure kuwa, makarantarsa da masallacin unguwarsu kawai aka je, kowa ya ce yaron ba ya rasa sahu, aka dawo da murna.

Bayan azahar baƙi suka iso da akwati shida. Wata dattijuwa ce a gaba, fara, siririya, ta yafa babban mayafi. Hausarta tsaf, ga "alhamdu lillahi" a bakinta duk bayan gaisuwa. Aka buɗe kaya ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, atamfofi da leshi da takalma, mata suna guɗa. A ƙasan akwati na ƙarshe sai ga wani ƙunshi naɗe cikin farin ƙyalle. Goggo ta kai hannu, dattijuwar ta ce, "Hajiya, wannan a bar shi. Saƙo ne na amarya ita kaɗai."

Aka ci, aka sha, aka ba da tukuici. Goggo ta gyara zama ta ce, "To babbarmu, ke za ki rufe mana da addu'a."

"A'a Hajiya, ke dai ki yi."

"Haba, ga uwar ango a zaune ni in yi? Wallahi ke za ki yi."

Rantsuwar Goggo ce ta ja komai. Dattijuwar, wato Inna Rifkatu, ta haɗa tafukanta ta rufe ido, sauran mata kuwa tafukansu a buɗe. Ta ce, "Ya Uba na sama, mun gode maka da ka nuna mana wannan rana. Ka sa albarka a kayan nan, ka ba yaran nan zaman lafiya da zuriya tagari. Na roƙa cikin sunan Yesu, amin."

Babu wadda ta amsa da amin.

Baƙi na fita Goggo ta cire ɗankwali ta buga a ƙasa. "Inna lillahi! A gidan malamai, a kan lefen 'yarmu, aka kira alloli uku? Wa ya san abin da ke cikin ƙunshin nan? Kada wanda ya taɓa shi." Ta sa aka kulle akwatunan a ɗakin ajiya. Maƙwabtan da suka zo ganin lefe, kamar yadda aka saba, haka suka koma ba su ga ko ɗankunne ba. Kafin magariba labari ya kai har unguwar Jakara, an ma ƙara masa gishiri.

Ikram ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ta faɗi gaskiya cewa ta sani tuntuni. Malam bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka yi mata ciwo. Cewa kawai ya yi, "Da kin faɗa min, da baiwar Allah nan ba ta ji kunya a gidana ba."

Goggo ta yanke nata hukuncin: ko dai matar nan kada ta sake tako gidan, kada a gan ta a wurin biki, ko kuma a mayar da lefe. Washegari Ikram ta kira Mikail, muryarta duk ta dushe.

"I'm sorry, laifina ne. Amma ka lallashi Inna ta zauna a gida ranar biki mana. Kwana ɗaya ne fa."

Mikail ya ce, "Ikram, ina son ki, Allah ne shaida. Amma matar da ta wanke min kashi, ta sayar da keken ɗinkinta ta kai ni makaranta, ita zan ce ta ɓuya kamar abin kunya? Ba zan iya ba."

"To ni kuma fa?"

"Ke ce nake roƙon Allah ya ba ni. Sai dai ba zan same ki ta wannan hanyar ba."

Kwana uku Ikram ba ta cin abin kirki. Ni dai ban ga laifin Mikail ba, kuma a can ƙasan ranta ita ma ba ta gani ba. Da ya yarda ya watsar da wadda ta raine shi, wane tabbaci ita Ikram take da shi gobe?

A rana ta huɗu Malam ya aika wa Inna Rifkatu da gaisuwa, ya roƙe ta ta zo bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a soro. Goggo ta zauna can gefe ta juya kai, Ikram ta rakuɓe bakin ƙofa.

Malam ya ce, "Malama, shekarata talatin ina karantarwa, kuma abin da na sani game da addu'arku duk daga bakin waɗanda ba sa yin ta na ji shi. Yau ina so in ji daga bakinki. In kin rufe ido, wa kike kira?"

"Allah nake kira, Malam. Wanda ya yi sama da ƙasa."

Goggo ta kasa haƙuri. "Wanne daga cikin ukun?"

Inna Rifkatu ta juyo gare ta ba tare da fushi ba. "Hajiya, mu ba mu ce Allah uku ne ba. In wani a cocinmu ya faɗi haka, fasto zai zaunar da shi ya gyara masa. Allah ɗaya ne. Abin da muka gaskata shi ne, shi ɗayan nan Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Uban ba shi ne Ɗan ba, Ɗan ba shi ne Ruhun ba, amma ba su rabu sun zama alloli uku ba. Shi muke kira Triniti."

"Ɗa kamar yadda mutum yake aure ya haihu?" in ji Malam.

"A'a, Allah ya kiyaye. Ba mu ce yana da mata ba. Maryamu ma muna girmama ta, amma ba ta cikin ukun."

"To addu'ar, ga wa take zuwa?"

"Yawanci Uba muke kira, kamar yadda kuka ji na yi. Muna roƙo cikin sunan Yesu don mun gaskata ta wurinsa muke samun shiga. Ruhu kuma shi yake taimakon mai roƙo in kalmomi sun ƙare masa. Wani lokacin in abu ya yi min zafi sai in ji na ce, ya Yesu ka taimake ni, kuma a wurina ban canza wanda nake kira ba. Ni tela ce, Malam, ba zan ce na gane shi kaf ba. Iyakar abin da na riƙe ke nan."

Malam ya shafa gemunsa. "Na gode da ba ki yi min kwana-kwana ba, ni ma ba zan yi miki ba. Mu a wurinmu Allah ba shi da ɗa ta kowace fuska, Annabi Isa kuma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawansa ne kuma manzonsa. A nan mun rabu, kuma ba ƙaramar rabuwa ba ce. Amma na ji abin da kike cewa da bakinki, ba abin da ake cewa kin ce ba. Saura tambaya ɗaya. Yaro ɗan shekara huɗu a hannunki, babu mai sa miki ido. Me ya hana ki kai shi coci?"

A nan ne idon dattijuwar ya kawo ruwa. "Safiya ce. Tana kan gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce, Yaya, ɗana Musulmi ne, amana. Dangina sun yi fushi da ni, wasu har yau ba ma gaisawa. Ni na kai shi Islamiyya, ni nake dafa masa sahur. Kullum da asuba sai na durƙusa na ce, ya Uba, kada ka bar ni in ci amanar yaron nan. In na ce amin, sai in je in buga masa ƙofa ya tashi sallah."

Sai Goggo ta ce, murya a sanyaye, abin da ba a saba ji ba, "To ƙunshin fa?"

"A ɗauko shi. Amma amarya ta fara yin alwala."

Ikram ta yi alwala, ta dawo, ta warware farin ƙyallen. Tsohuwar gafaka ce ta jar fata, a ciki kuma Alƙur'ani ne, gefen takardunsa ya yi ja don tsufa.

"Na Safiya ne," in ji Inna Rifkatu. "Ta ce min ba a taɓa shi sai da alwala, kuma ba a ajiye shi a ƙasa. Shekara ashirin da huɗu yana saman durowata, ko zan share ƙura da ƙyalle nake ɗaga shi. Ta ce in Allah ya raya yaron, a ba matarsa."

Ikram ta rungume gafakar ta fashe da kuka. Goggo 'Yardada, wadda ko a gidan makoki ba a cika ganin hawayenta ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta matso ta kama hannun Inna Rifkatu. "Ki yafe min, 'yar'uwa. Ni na matsa miki ki yi addu'a, ni kuma na zage ki da kika yi."

"Babu komai, Hajiya. Ni ma da na faɗa miki tun farko."

Malam ya ce a fito da akwatunan daga ɗakin ajiya, a kira maƙwabta su ga lefe. Bayan sati uku aka ɗaura aure a ƙofar gida bayan sallar Juma'a. Da dangin ango suka zo ɗaukar amarya, Goggo da kanta ta shimfiɗa wa Inna Rifkatu darduma a kusa da ita, ta zuba mata nama har sai da ta ce ya isa. Da aka zo addu'a Goggo ce ta yi, Inna Rifkatu ta sunkuyar da kai ta yi tata a zuci, kuma babu wadda ta harari wata.

'Yan'uwana matasa, shirun Ikram na wata takwas ya kusa raba ta da mijin kirki, don haka ku faɗa wa iyayenku gaskiya tun da wuri, komai nauyinta. Kuma kafin ku yanke wa maƙwabci hukunci a kan abin da yake bauta wa, ku zaunar da shi ku tambaye shi. Ba lallai ku yarda da amsarsa ba, Malam Gwadabe ma bai yarda ba, amma ya san darajar wadda ta riƙe amana.

Yau Ikram da Mikail suna zaune a Ƙofar Na'isa da 'yarsu ta fari, Safiya. Duk ranar Lahadi da yamma, in an taso daga coci, Inna Rifkatu tana zuwa ganin jikarta. In aka kira magariba tana gidan, ita ce take karɓar jaririyar daga hannun Ikram ta ce, "Ba ni ita, je ki yi sallarki."