Ranar da Ya'u Ya Yi wa Jaki Kuka

"Ka yi me?!" Yelwa ta dire kwanon ruwan da ta kawo masa zaure, har ya fantsama.

"Na zuba su a masai," in ji Ya'u tela, yana share zufa da hannun riga. "Yau kwana huɗu. Saura mako guda ƙasar nan ta samu 'yancin kai, ni kuma in zauna ƙwayar Bature na mulkina?"

"Sannu, ɗan gwagwarmaya! Shi ya sa jiya ka ɗinka wa 'yan makaranta tuta goma, kore a tsakiya fari a gefe?"

Ya sunkuyar da kai. Bara da mahaifiyarsa ta rasu, wata uku Ya'u ya yi shago a rufe, ba ci, ba magana, sai kallon rufin ɗaki. Wani likita a Jos ne ya ba shi wasu 'yan ƙwayoyi sababbin zuwa, da su ya miƙe. Duk unguwar Ƙofar Ran, Yelwa kaɗai ta san zancen. Gobe kuwa Baffa Hammawa, ƙanen mahaifinta marigayi, wanda aurenta ke hannunsa, ya ce a turo masa yaron ya gani.

"Yelwata... in Baffa ya ji ina shan maganin ƙwaƙwalwa, cewa zai yi mahaukaci ne. Na rasa Inna, ba zan iya rasa ki ba."

Tausayi ya kama ta, amma bakinta bai huce ba. "To yanzu yaya jikin?"

"Ƙasa juyawa take. Zuciyata na tashi. Cikin kaina kamar ana ƙyasta ashana. Ɗazu zare ya tsinke, sai na ji hawaye..."

"Wayyo ni! Sha ruwan tsamiyar nan. In za ka tashi, ka tashi a hankali. Kuma ka koma gun likita, ka ji?"

"Bayan gobe."

Washegari da hantsi Ya'u ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a gaban Baffa kamar yadda ya kamata. Yelwa kuwa ta laɓe bayan asabari, wai shara take.

An gaisa, an tambayi aiki, an tambayi damina. Can Baffa ya yi ajiyar zuciya. "Sai dai jakina ya mutu shekaranjiya. Shekara goma sha huɗu yana kai ni gonata a Inkil."

Shi ke nan! Leɓen Ya'u ya hau rawa. Ya danne, ya danne, ina! Sai kuka wiwi, har da shessheƙa.

Baffa ya saki baki. "Allahu Akbar! Duk gidan nan ba wanda ya ce min ko sannu. Kai da ba ka taɓa ganinsa ba! Yaro, mai tausayin jaki ba zai wulaƙanta mace ba. Na ba ka Yelwa. Tashi ka tafi."

Ya'u ya yunƙura, zauren ya juya masa, ya koma.

"Tashi mana."

Ya'u ya ƙara duƙar da kai.

"Kai, wannan ladabi ya yi yawa! Na ce na ba ka!"

Bayan asabari Yelwa ta cusa gefen zane a baki, dariya da tsoro na cin ta lokaci guda. Da zai rarrafa ya fice, da magana ta ƙare. Amma Ya'u ya dubi dattijon da ya yarda da shi haka, ya ji kunya ta rufe shi.

"Baffa... ba ladabi ba ne. Jiri ne. Kukan ma ba na jaki ba ne."

Ya kwashe komai ya faɗa, tun daga rasuwar Inna har zuwa masai. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Yelwa.

Baffa ya gyara zama. Da ya buɗe baki, muryarsa ta canza.

"Ka san abin da ya kashe uban yarinyar nan? Cewa muke zazzaɓi. Bayan gobara ta cinye masa rumfa, ɗaki ya shiga. Shekara guda cur ina kai masa tuwo ina dawowa da shi. Rubutu, hayaƙi, ba abin da ban yi ba." Ya goge ido da gefen rawani. "Ashe yanzu akwai magani, kai kuma ka samu ka zuba a masai? Da a zamaninsa ya zo, da yau shi zai ba ka 'yarsa, ba ni ba."

Yelwa ba ta san sanda ta faɗo zauren tana kuka ba.

"Au, mai shara, kin iso? To ku ji. Gobe da kaina zan sa shi a motar Jos. In barin maganin za a yi, likita ya rage masa kaɗan-kaɗan. Ranar da ya iya tashi daga tsuguno, a kawo goro."

Ya kama hannun Ya'u ya miƙar da shi, ya riƙe har jirin ya lafa. Sannan ya rage murya.

"Amma jakin nan... ko kaɗan ba don shi ba?"

Ya'u ya dubi Yelwa, ta zare masa ido cikin hawaye.

"Rabi don shi ne, Baffa."

"Madalla," in ji Baffa. "Rabin ma ya fi abin da 'ya'yana suka yi masa."