Ranar da Zalɓe Ya Jingina da Katangar Malam Shu'ibu

Leburorin En'e na Haɗeja sukan ce helumansu Fannami, wato shugabansu a wurin aiki, ko tabarma zai hau sai ya girgiza ta tukuna. Matan unguwa kuwa yaron kirki suke kiransa, don bai taɓa hawa sama ba tare da ya yi sanarwa ba. An ce Baturen ayyuka ma ya taɓa gaya wa tafintansa cewa cikin waɗanda aka tura Kano koyon aikin sama, Fannami ne ya dawo da abin a kansa.

Abin da aka ba shi riƙo wata doguwar hasumiya ce ta katako da ƙarfe, mai tayoyi, wadda ake turawa jikin gini mutum ya hau ya shafa farar ƙasa. Jirgin ƙasa ya kawo ta tashar Malam Madori a wargaje. Da aka haɗa ta, leburori suka dubi dogayen ƙafafunta suka sa mata suna Zalɓe.

Kullum da safe Fannami yakan tara su gindin tsamiya ya maimaita musu karatu. Ƙasar Haɗeja, in ji shi, samanta busasshe ne amma cikinta na tuna ruwan kogi, don haka sai an shimfiɗa katako a ƙarƙashin taya, a kuma tare ta. Ta ciki ake hawa. In iska ta taso a sauko. Wanda ya fi nanatawa, har suna kwaikwayon muryarsa in ya ba da baya, shi ne ba a tura Zalɓe da mutum a kansa, ko da taku ɗaya ne.

Aikin sabon ɗakin shan magani ya kai su bayan gidan Malam Shu'ibu mai bandar kifi. Kafin ya hau, Fannami ya ɗaga murya yadda aka saba, ya ce masu gida a yi sutura, za a hau sama.

"Mun ji," wata murya ta amsa daga cikin gida. "Amma kifi bai ji ba. In na shiga ɗaki ƙonewa zai yi."

Da ya isa sama bai yi niyyar dubawa ba. Ya duba. Budurwa ce ta ja mayafi har goshi, tana juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi na sa ta ƙifta ido. Sunanta Barira. Ranar nan gefen bango ɗaya ya sha farar ƙasa fiye da rabonsa.

Washegari ta kawo wa ɗan gwaggonta Buba abinci, shi ma lebura ne a wurin, shi ke kula da tare tayoyi. Ta tsaya ta saurari karatun gindin tsamiya har ƙarshe, sannan ta tambayi Fannami ko duk wannan tsoron a Kano ake koyar da shi. Ya ce a'a, a garinsu Gubio ya samo shi wurin uwarsa, Kano gyara shi kawai aka yi. Ta yi dariya ta ajiye masa kifi a ganye.

Daga nan ya fara zuwa zance ƙofar gidansu bayan la'asar. Ita tana kiransa Na-Sama, shi yana kiranta Furen Bado.

"Na-Sama, me kake gani in ka hau?"

"Kogi, da shinkafar fadama, da kwalekwalen masunta har wajen hanyar Guri."

"Shi ke nan?"

"Wannan kafin in san inda ake dubawa ne."

Ta rufe fuska da mayafi, ta ce in haka ne gobe za ta bar kifin ya ƙone.

Abu ɗaya ke damunsa. Kowa a unguwa ya san Buba ya taɓa sa ran Barira, kuma yana shiga gidan ba shamaki.

Wata rana aiki ya matsa ƙarshen bango, inda ba a hango tsakar gidan. Fannami na sama ya jiyo dariyar Barira, bai ga da wa take yi ba. Ya leƙo ya ce a ɗan mayar da Zalɓe baya.

Buba ya ɗaga kai. "Heluma, sauko tukuna."

"Na ce ku tura. Kaɗan ne."

Suka tura. Taya ta sauka daga kan katako ta nutse. Zalɓe ya karkata a hankali, kamar tsoho mai neman wurin zama, ya jingina da katangar Malam Shu'ibu ya ɓare kanta. Fannami ya sulalo cikin gidan ya faɗa kan tarin komar kamun kifi, bokitin farar ƙasa ya biyo shi ya kife masa a ka.

Da gwaggonta Hajo Barira ke dariya, kuma su biyun sun ji duk abin da aka faɗa a bayan katanga. Sai da Barira ta tabbatar ƙashinsa ƙalau, sannan ta zauna a kan turmi ta yi ta dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta kai yamma ba. Bature ya zo ya tambayi yadda aka yi, Fannami ya ce taya ce ta zame. Bai ƙara ba. Da aka tambayi wa ke kula da taya, aka nuna Buba, aka sallame shi. Buba ya dubi Fannami, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Lokacin da manyan Fannami suka je neman aure, Malam Shu'ibu ya karɓe su da fara'a, ya ba su ruwa, ya ce ba zai bayar ba. Mutumin da ya shigo masa gida ta sama ba sallama, a bari ya koyi ƙofa tukuna.

Barira ta fito zance sau ɗaya bayan haka.

"Ka gaya wa Bature gaskiya?"

"Ai ban yi ƙarya ba. Taya ta zame."

"Yaya Buba ko kasuwa ba ya iya shiga. Mai ka da Zalɓe ake ce masa."

"To in shi kike so, ki faɗa mini."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta ce ita ba ta da wani sai shi, shi ya sa abin ke mata ciwo. Ta shige gida, kuma daga ranar bai sake jin muryarta ba. Ko ya yi sanarwar hawa, hayaƙin banda ne kaɗai ke tashi.

Fannami ya yi duk abin da hannu ke iya yi. Ya kwaɓa ƙasa da kansa ya gyara katangar, ya yaɓe ta har ta fi ta da kyau. Ya je wurin Bature shi kaɗai ya faɗi yadda aka yi, aka rage masa girma na wani lokaci, aka mayar da Buba aiki. A gindin tsamiya ya ƙara sabuwar doka, cewa ko heluma ne ya ce a tura yana sama, kada a tura. Leburori suka yi murmushi. Amma in ya haɗu da Buba sai ya tambaye shi gajiya, ya wuce.

Malam Shu'ibu ya zagaya katangar, ya ƙwanƙwasa ta, ya sa Hajo ta tambayi 'yarsa. Barira ta ce tana so. Aka sa rana bayan girbin shinkafa.

An ɗaura aure da hantsi, masunta da leburori sun cika ƙofar gida, goro ya zagaya, liman ya yi doguwar addu'a. Malam Shu'ibu ya dafa kan ango ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a, ya kuma sa ya riƙa shigowa ta zaure. Aka fashe da dariya.

Kafin magariba aka kai amarya. Leburori ne suka ɗauko kayan ɗakinta, Buba na cikinsu da tukwane a ka. Abokan ango suka zauna sayen baki, suka zube kuɗi a faifai, ƙawaye suka ce bai isa ba, aka ƙara, aka yi ta raha. Barira na lulluɓe ba ta motsa ba.

Gwaggo Hajo ta tura musu faifan baya. Ta ce amarya ta gode, amma bakin nan ba da kuɗi ya rufu ba, ango ya san da abin da zai buɗe.

Fannami ya dubi mayafin, ya ga yatsunta masu lalle suna murza bakinsa. Ya miƙe ya fita tsakar gida inda leburori ke cin tuwo. Ta ƙofa Barira ta ɗaga mayafin kaɗan, tana kallo, tana murmushi.

Ya durƙusa gaban Buba, ya ɗaga murya yadda yake yi in zai hau sama.

"Jama'a, ku shaida. Buba ya ce in sauko, na ƙi. Ni na ka da Zalɓe, na bar shi da sunan. Buba, na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."