Santimita Biyu

Ranar da ya fara ganinta, faɗa ta yi masa.

Yana tsugune yana goga samfefa a jikin katako, sai ya ji murya a bayansa: "Bawan Allah, katakon nan laifi ya yi maka? Bi shi yadda jijiyarsa ta kwanta mana, ba a gicciye ba."

Ya ɗago kai, ya ga budurwa da garin katako a gefen mayafinta da fensir a hannu. Ya buɗe baki zai kare kansa, sai ya ji bakin ya ce, "To, Malama."

Dogo ake ce masa, sunan kuma bai yi ƙarya ba. Shekara bakwai ya yi yana haɗa gadaje da kujeru kafin ya zo kwas ɗin shekara guda a makarantar Malam, inda ba a koyar da komai sai matakalar bene ta katako, mai lanƙwasa da mai juyawa. Ita kuwa autar Malam ce, ita ke koyar da aikin ƙarshe, wato guga da shafa mai. Auta kowa ke kiranta.

Kafin wata uku, hira ta koma waya.

"Malamata, yau ban cuci katako ko ɗaya ba. Ban cancanci murmushi ba?"

"Ka cancanci rabi, Dogona. Ragowar sai na duba aikin."

Da maganar ta kai kunnen Malam, bai ɓoye ransa ba. Shi hankalinsa na kan Jirgi, ɗalibin da ke gama aiki tun wasu ba su gama fere fensir ba, wanda shi ma ya taɓa gwada sa'arsa wurin Auta ta ce ya yi haƙuri.

"Wancan dogon," in ji Malam, "sai ya auna abu sau biyar kafin ya ɗauki zarto. Mai wannan sanyin jikin ne zai riƙe gida?"

"Baba, ai kai ka koya mana haka."

"Sau biyu na ce, ba biyar ba."

Umma ta sa baki, Malam ya sassauta, amma da sharaɗi: sai Dogo ya ci jarrabawar ƙarshe. Kuma don kada ya samu sauƙi, ya ba shi aikin da ya fi kowanne wuya, matakalar gidansa shi Malam ɗin, mai taki goma sha huɗu da lanƙwasa a tsakiya. Tsohuwar ta ƙarfe ce, ta daɗe tana wahalar da gwiwoyin Umma.

Dogo ya je gidan ya auna daga daɓen ƙasa zuwa na sama, ya raba tsawon kashi goma sha huɗu daidai wa daida. Wata biyu ya yi yana yanka, yana fafe ramin kowane taki a jikin manyan katakan gefe, yana manna siraran katakai da gam har mariƙin hannu ya lanƙwashe yadda yake so. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yi shiru.

Saura kwana huɗu jarrabawa, da hantsi, saƙonta ya shigo.

"Albishirinka, Dogona! An kawo tayil ɗin falon ƙasa. Da an kafa matakalarka za a shimfiɗa. Gida zai yi kyau kafin manyanka su zo."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi wuri ya zauna. Shi daga tsuran daɓe ya auna. Tayil da simintinsa za su ɗaga ƙasa santimita biyu, takin farko ya gajarta ke nan, ya saɓa da sauran.

Jirgi ya ga fuskarsa ya tambaya, Dogo ya gaya masa.

"Wannan ne ya sa ka zama kamar an yi maka mutuwa?" Jirgi ya yi dariya. "Malam zai duba kafin a sa tayil. Ranar komai daidai yake. Ka karɓi takardarka ka karɓi matarka, kowa ya huta."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi haka yake aikinsa.

Da la'asar Dogo ya ɗauki guduma ya fara kwance matakalar taki bayan taki, domin gyaran ba na taki ɗaya ba ne, sai an sake katakan gefe gaba ɗaya.

Jirgi ne ya kai wa Auta labari, kuma rabi ya kai. Ta rubuto:

"An ce da hannunka ka wargaza. In ka fasa ne, ai sai ka faɗa mini da baki, ba da guduma ba."

Ya kira sau shida, ba ta ɗauka ba. Sai ya rubuta:

"Auta, ido ba ya ganin santimita biyu, amma ƙafa tana ji. Mai saukowa ya saba da taki goma sha uku, na ƙarshe ya yaudare shi. Umma ce za ta riƙa saukowa da kaya a hannu. Ina sonki, Allah ya sani, amma ba zan shiga gidanku ta hanyar da za ta kayar da mahaifiyarki ba."

Ta karanta a bakin teburin guga. Kunya ta kama ta, sannan kuka ya zo. Wayar ta ɗauka ta kai wa Malam.

Ranar jarrabawa Jirgi ya zo na ɗaya. Dogo ya tsaya gaban tulin katakai, ba shi da abin nunawa. Malam ya rubuta "bai kammala ba" a gaban sunansa, ya wuce, ko kallonsa bai yi ba. Doka doka ce.

Dogo ya maimaita zango guda, wata huɗu cur. Wannan karon sai da ya jira aka gama tayil, ya auna, ya sake aunawa. Auta ta yi guga da shafa mai, ta kuma yi masa faɗa sau biyu a kan gam da ya bari ya bushe a kusurwa.

Da aka kafa, Malam ya hau ya sauko ido a rufe. Sannan ya kira Umma. Ta sauko a hankali da kwandon wanki a hannu, ba ta dubi ƙafarta ba har ta taka falo.

"Malam," ta ce, "yau gwiwata ba ta yi magana ba."

Malam ya daɗe yana shafa mariƙin. Da ya yi magana, katakon yake kallo, ba Dogo ba.

"Ni na manta ban gaya maka za a sa tayil ba. Laifina ne, kuma na sani tun ranar da Auta ta kawo mini wayar. Wata huɗu ina jira ka ce laifina ne, ba ka ce ba." Ya gyara murya. "Ka turo manyanka."

Bayan sati shida aka ɗaura aure. Amarya ta sauko daga bene tana kuka, Umma na riƙe da hannunta. A ƙasa Malam ya dafa kan su biyun.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma ɗana, ka ci gaba da aunawa sau biyar ɗin. Na janye maganata."

Gida ya amsa da amin.