Takardar da Na Jefa Kogo

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zura fitilar man zaitun cikin kogon da ke ƙarƙashin masallacin Annabi Ibrahim a birnin Halil. Bakin ramin bai fi faɗin faranti ba, ba mai iya sauka. Masu ziyara kan jefa takardun addu'a ta nan.

Wata rana, kafin kiran asuba, ina sakin sarƙar fitilar sai na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga wani dattijo tsugune a gefena, alhali ban buɗe ƙofa ba.

"Baba, ta ina ka shigo?"

"Abu Hilmi," ya kira sunana, ya ce, "Bayahude, Kirista, Musulmi, duk kukanku ɗaya ne a can ƙasa. Amma kai ka cika gaggawa."

Ya miƙo mini takarda a naɗe. Tawa ce, wadda na jefa jiya: Allah Ka ba ta lafiya.

"'Ya'ya mata biyu gare ka. Wacce?"

Na buɗe baki zan ce Suhaila, wadda ke kwance asibiti. Sai na lura leɓɓansa ba su taɓa motsawa ba. Tambayar ta sake fitowa a hankali, daga cikin ramin.