Tagar Arewa ta Hajji Mitwalli

"Ka rufe ta, Hajji Mitwalli! Ko ka rufe tagar nan, ko ni in rufe maganar auren!"

Ludayin hannun Rabab ya faɗi cikin tukunya.

Muryar Ummu Shukri ce, uwar wanda zai aure ta, daga saman rufin gidansu da ke manne da na su Rabab. Kuma ba a hankali take magana ba. Har mai gasa masara na bakin titi sai da ya ɗago.

Rabab tana tsugune ne a ƙarƙashin matakala, inda ya zama kicin ɗinsu yau wata biyar. Kicin na gaskiya an fasa shi tun kafin azumi, wai za a faɗaɗa. An yi ƙaramar salla, an yi babba, har yau rami ne da bututu biyu a tsaye. Yashi a shinkafa, yashi a gado, yashi a haƙori. Banɗaki ɗaya, shi ma ƙofarsa labulen buhu.

Ta hau sama da gudu tana tsallake bulo.

Sabon hawan na yayanta Fathi ne, inda zai zauna da amaryarsa. Tun ranar sunansa mahaifinsu ya bar rodi a tsaye a saman gidan, shekara ashirin da takwas ana shanya a jikinsa, sai bana aka ɗora gini. Fathi yana Kuwait, aikinsa turo hoton tayil, kowane sati da sabon ra'ayi.

Ta sami mahaifinta, Hajji Mitwalli, a bakin wata ƙatuwar taga da aka fasa jiya, daga ƙugun mutum har kusa da rufi. Ta leƙa ƙasa... sai ga Ummu Shukri da faranti a kife a ka, 'yan matanta biyu sun ɓuya a bayan kejin tantabaru.

"Muna zaune ba ɗankwali muna tsintar shinkafa," in ji Ummu Shukri, "sai ga kan ƙato a samanmu yana cin burodi! Shekara talatin ina shan iska a rufin nan, mijina mai rasuwa kaɗai ya san launin gashina. Yau lebura ya sani!"

"Arewa ce, Ummu Shukri!" in ji Hajji. "Daga nan iskar teku ke shigowa. Gidan da ba tagar arewa ai tanda ce. So kike amaryar ɗana ta gasu?"

"Ta gasu, a ci da gishiri! Ina ruwana?"

A kusurwa Usta Garib yake, shugaban maginan, ɗan ƙanen Hajji. Bara waccan ya nemi Rabab, ta ce a'a. Yanzu yana jingine da bango yana kurɓar shayi kamar mai kallon ƙwallo. Ya ce a hankali, "Baffa, mace ce za ta tsara maka bangonka a gaban ma'aikata?"

Shi ke nan. Jijiyar wuyan Hajji ta miƙe.

"Baba, don Allah..." in ji Rabab.

Ina! Ya riga ya ɗaga yatsa.

"Na rantse da igiyar aurena! In na rufe tagar nan, ko na sa wani ya rufe, Ummu Fathi ta saku!"



Daga ƙasan matakala muryar mahaifiyar Rabab ta taso. "Ni kuma? Ni me na yi? Ina nan ina tankaɗe siminti daga cikin gari!"

Ummu Shukri ta sauke farantin. "To madalla. Juma'a bayan la'asar zan shigo karɓar gwal ɗin baikon ɗana. A goge mini shi, kada in ga ƙura."

Rabab ta dubi awarwaron hannunta guda uku da zoben.

Ranar Litinin ce.

*

Washegari an yanke ruwan gidan, wai mai famfo ya huda bututu. Ta fita da jarka zuwa famfon bakin masallaci. Shukri ya tsayar da bas ɗinsa ta layin Mansura a tsakiyar titi, fasinjoji suna zaginsa, ya sauko.

"Hasken idona..."

"Kada ka hasken idona ni! Ka yi wa mahaifiyarka magana?"

"Na yi. Na ce zan kafa mata rumfar kara a rufin. Ta ce ita za ta ɓuya a gidanta kamar ɓarauniya? Ke kin yi wa Hajji?"

"Ya rantse da saki, Shukri!"

"Ita kuma ta rantse da nonon da ta ba ni, in na aure ki tagar na buɗe sai ta tsine mini."

"To ka zaɓa mana. A saki uwata, ko a tsine maka?"

Ya karɓi jarkar daga hannunta. Ya tsaya yana kallonta, har da farar ƙurar da ke girarta.

"Kin yi furfura tun kafin in aure ki."

"Filasta ce, wawa."

"Ko furfurar ce ina so. Rabab, shekara uku ina tara gwal ɗin nan, fasinja ɗaya-ɗaya. Wallahi in aka cire shi daga hannunki, a kogi zan zuba. Ba wata 'yar da za ta saka."

Idonta ya cika. Ta juya don kada ya gani.

"Direba!" wata tsohuwa ta ƙwala daga cikin motar. "Ka aure ta ko ka kai mu asibiti, ɗaya dai!"

*

Laraba ta kai wa magina shayi, karo na huɗu tun safe. Wata biyar ke nan tana wannan bauta. Ta ga kwaɓi ya fi dubu, ta san kwano nawa na yashi ake zuba wa buhun siminti, ta san wanda ke aiki da wanda ke riƙe shebur don ado.

Garib ya ɗauki kofinsa ya matso.

"'Yar baffa, kada ki damu. In suka karɓi gwal ɗinsu, ni ina da wanda ya fi shi nauyi."

Ta dube shi. Ta dubi tagar.

"A zanen da Fathi ya turo, ƙarama ce, can sama."

"Zane daban, aiki daban."

"Kai ka sauke ta har ƙugu. Da gangan."

Ya yi murmushi. "Iska nake nema wa ɗan'uwana Fathi."

Ta karɓe kofin daga hannunsa tun bai kai baki ba, ta juye shayin a cikin kwaɓin, ta sauka.

*

Juma'a da safe suna karyawa da wake da burodi a kan katakon da aka ɗora bisa bulo, don teburin yana ƙarƙashin tulin ƙofofi. Kwana huɗu Hajji bai ci abin kirki ba. Mutum ne mai taurin kai, amma ba mugu ba. Bakinsa ne ya kulle shi, ya kuma rasa mabuɗi.

Can sai ya juya wajen kyanwar gidan.

"Ke mage," ya ce, "a zamanin babana, in taga tana can sama da kan namiji a tsaye, ba maƙwabcin da ke da ta cewa. Iska ta shiga, ido bai fita ba."

Ummu Fathi ta ajiye burodinta. "Hajji, ka kula da bakinka. Aurena ne a kansa."

"Da mage nake magana! An hana ni magana da mage a gidana?"

Ya miƙe ya saka jallabiyarsa. Mabuɗin sabon hawan, wanda ko wanka da shi yake shiga, ya bar shi a gefen kwanon wake.

"Huɗubar yau za ta yi tsawo. Daga nan kuma zan zauna a shagon shayi. Zan daɗe... sosai."

Ya fita bai waiwayo ba.

Uwa da 'ya suka dubi juna.

"Ni ban ji komai ba," in ji Ummu Fathi. "Ban ga komai ba. Safar hannu ta roba tana cikin bokiti."

Juma'a ce, ba magini ko ɗaya a sama, sai Rabab da tagar. Safar ta yage tun a bulo na biyar.

Rabab ta jiƙa jan bulon a cikin durom, kamar yadda ta ga tsohon maginin cikin ma'aikatan yana yi, don busasshen bulo shanye ruwan kwaɓi yake. Ta auna yashi, ta zuba siminti, ta kwaɓa. Ta cire awarwaronta ta ƙulle a gefen mayafi. Layi na farko ya karkace. Ta rushe, ta sake. Na biyu ma ya karkace, ta ce ya je ya karkace.

Rana ta take. Siminti ya fara cin yatsunta kamar barkono. Tana jerawa tana zagi. Ta zagi Garib, ta zagi Fathi da tayil ɗinsa, ta zagi iskar teku da tekun gaba ɗaya.

Ginin ya kai ƙirjinta sai ta ji ƙarar tsani a jikin bangon ta waje.

Kan Shukri ya bayyana, da hular masallaci.

"Innalillahi... Rabab! Me kike yi?"

"Kitso nake. Me ka ga ina yi?"

Ya ga hannayenta. Fuskarsa ta canza.

"Ba ni cokalin ginin. Ni zan ƙarasa."

"Ba ka isa ba! In hannun namiji ya ɗora bulo ɗaya, gobe Garib zai ce Baba ne ya sa ka. Aure biyu nake ɗinkewa a nan, nawa da na uwata. Sauka!"

"Ba inda za ni."

"To riƙe igiyar nan, ka gaya mini in ya karkace."

Ya riƙe. "Ya karkace."

"Yi mini shiru."

Ta ɗora wani layin. Ya rufe masa haɓa. Ta ɗora wani, ya rufe masa baki, saura idanu.

"Raina fansa gare ki," ya ce ta bayan bulon. "Ban taɓa jin an binne mutum da rai yana murna ba sai ni."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba a kan kwaɓin.

"Shukri..."

"Na'am, masoyiya?"

"Cire yatsanka, zan danne."

Ta hau kan durom ta ƙarasa. Ta bar layi biyu a buɗe can sama, kusa da rufi. Tana saukowa iska ta shigo ta wajen, mai sanyi, ta taɓa mata goshi.

*

Bayan la'asar kowa ya hallara.

Garib ne ya fara magana. "Wane makaho ne ya yi wannan? Baffa, dubi cikin da ya yi! Gobe da sassafe zan sa a rushe."

Hajji ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya kalli hannun 'yarsa, duk ya tsattsage ya yi ja. 

"Ni ban rufe ba. Ban sa kowa ba. Ummu Fathi, na sa wani?"

"Da mage ka yi magana, Hajji."

"To." Ya juya ga Garib. "Bangon nan ya fi duk wanda ka yi mini a gidan nan. Ka taɓa shi, in karya hannun. Kuma kicin ɗina nake so ranar Alhamis, in ba haka ba ka kwashe shebur ɗinka."

Ummu Shukri ta hauro tana haki, da jakar da ta zo zuba gwal a ciki. Ba ta gaida kowa ba. Ta sa Shukri ya tsaya a jikin bangon.

"Me kake gani?"

"Bulo, Mama."

"Yi ɗage."

"Bulo."

"Yi tsalle!"

Ya yi tsalle. "Sama... da tantabara ɗaya."

Ta yi ƙwafa. Ta juyo kan Rabab, wadda ta kwance gefen mayafinta ta miƙo awarwaron.

"Ga shi, Inna. Na goge."

Ummu Shukri ba ta dubi gwal ɗin ba. Hannun ta kama, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Ke wace irin mahaukaciya ce? Hannun da zai murza mini ƙullu kika ƙone? Gidan nan duk maza sun mutu ne?" Ta harari Hajji. Muryarta ta karye. "Shukri, ruga ka ɗauko man zaitun! Ke kuma mayar da abin nan hannunki kafin in mare ki."

Ita da kanta ta zura mata su, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

*

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. A gidan Ummu Shukri aka dafa abincin biki, don kicin ɗin su Rabab har ranar ba a gama ba.

Sati uku da tarewa, Rabab tana shanya a rufin sabon gidanta, ƙarƙashin karkataccen bangonta. Ummu Shukri tana gefe tana ƙwala wa ƙawarta kira.

"Ummu Fathi! Kina da lemon tsami? Ummu Fathi!"

Ummu Fathi tana ciki tana share sabon hawan, ba ta ji.

Ummu Shukri ta riƙe ƙugu, ta ɗaga kai ta harari bulon.

"Yanzu don lemo biyu sai na sauka hawa biyu na zagaya titi? Rabab, 'yata... ke da kika iya, ɗan cire mana bulo huɗu daga tsakiya mana."

Rabab ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta dubi tabon da ke yatsunta. Ta dubi surukarta.

"Inna," ta ce, "na rantse da igiyar..."

"Rufe bakinki!" in ji Shukri daga matakala, ya taho da gudu har yana tuntuɓe. "Ni zan je in karɓo lemon!"